Ɗan Littafin da Ya Kunyata Marowata a Kirsimetin 1843

'Yan'uwa matasa, hunturu ya kankama, teloli sun fara kwana a shago. Kafin hidimar Kirsimeti ta ɗauke mana hankali, bari mu waiwayi tarihin wani ɗan littafi da har yau ake karantawa a duniya.

A ranar 19 ga Disamba, 1843, aka fitar da A Christmas Carol na Charles Dickens a Landan. Cikin mako shida ya rubuta shi, kuma kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare kafin ranar Kirsimeti.

Dickens ya san talauci da kansa. A 1824 aka kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 ya shiga aikin manna takarda a jikin kwalaben man goge takalmi. A 1843 ya karanta rahoton majalisar Ingila kan wahalar yara a masana'antu, ya kuma ziyarci makarantar 'ya'yan talakawa ta Field Lane. Da farko ya yi niyyar rubuta takardar koke, sai ya ga labari zai fi ratsa zuciya.

Labarin na wani attajiri ne marowaci, Scrooge, wanda yake biyan akawunsa Bob Cratchit sule 15 a mako, ga ɗa gurgu a gida. A daren jajibiri fatalwar abokin cinikinsa Marley ta zo masa, sannan ruhohi uku suka nuna masa jiyansa da yau ɗinsa da kabarinsa. Gari na wayewa ya aika wa iyalin Cratchit talotalo, daga baya ya ƙara masa albashi.

Mu lura, tubansa bai tsaya a hawaye ba, ya taɓa aljihu. Haka Zakka ya yi a Luka 19. Amma kada mu jira fatalwa: a Luka 16, cikin misalin mai arziki da Li'azaru, Yesu ya nuna cewa wanda ya toshe kunne ga Maganar Allah, ko matacce ya tashi ba zai ji ba.

To, ina Cratchit ɗinmu? Daga Rijiyar Lemo zuwa Fagge har kasuwar Sabon Gari muna wuce shi kullum: yaron shago da ake riƙe wa haƙƙinsa, gwauruwar da kuɗin haya ya sha kanta, almajirin da yake kwana ba bargo. Yunwa ba ta tambayar addini.

Saboda haka, kafin mu yanke kuɗin anko da na shinkafa a bana, mu fara ware rabon maƙwabci. Mai bashin ƙaramin ma'aikaci a kansa ya biya kafin ya kai baiko. Allah ya riga mu bayarwa, gama Ɗansa ya ba mu. Ubangiji ya buɗe hannuwanmu. Amin.