Maimalari: Birgediyan da Aka Kashe da Ɗansa da Ya Miƙa Mulki a Dutse

Ranar 29 ga Mayu 1999, a Dutse, Laftanar-Kanar Abubakar Maimalari ya miƙa ragamar Jihar Jigawa ga zaɓaɓɓen gwamna, Ibrahim Saminu Turaki. Wata tara kacal ya yi a kan kujerar, tun daga Agustan 1998 da Janar Abdulsalami Abubakar ya tura shi, kuma shi ne soja na ƙarshe da ya mulki jihar da aka yanko daga Kano a 1991. Wanda ya san tarihin rundunar sojan Nijeriya ba zai ji wannan suna ya wuce ba, domin mahaifin kantoman, Birgediya Zakariya Maimalari, yana cikin waɗanda aka fara kashewa a daren da mulkin soja ya soma a ƙasar, shekara talatin da uku kafin wannan rana.

Zakariya mutumin ƙasar Barno ne, daga garin Maimalari da ke Jihar Yobe a yau. Ya yi karatu a kwalejin Zariya da ake kira Barewa, ya shiga soja a 1950. A wancan zamani aikin soja ba abin da iyaye ke yi wa ɗan boko fata ba ne a Arewa. Wanda ya gama kwaleji akan sa ran ya zama malami ko ma'aikacin En'e, soja kuwa ana ganinsa aikin wanda bai sami abin yi ba. Duk da haka ya bi ta makarantar horon hafsoshi ta Teshie a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, ya wuce Ingila, ya shiga Sandhurst. Shi da abokinsa Umar Lawan ne 'yan Nijeriya na farko da suka fito daga wannan makaranta a matsayin cikakkun hafsoshin yaƙi.

Wannan asali ya bambanta shi da sauran manya. Johnson Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun da Babafemi Ogundipe duk daga ƙananan muƙamai suka taso, suka yi shekaru cikin kuratan soja kafin a ba su anini. Maimalari ya girme su a horon makaranta, su kuma sun girme shi a shekaru da daɗewa a aiki. Da lokacin tafiyar Baturen ƙarshe da ya shugabanci rundunar, Manjo-Janar Welby-Everard, ya zo a 1965, waɗannan huɗun ne ake ambata. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta zaɓi Ironsi, wanda ya jagoranci dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango. Ana yawan mantawa da wannan idan ana maganar cewa Arewa ta mamaye soja a Jamhuriya ta Farko: Firayim Minista ɗan Arewa ne, ministan tsaro ɗan Arewa ne, amma ba su ɗora nasu a kan na gaba da shi ba. Maimalari ya ci gaba da riƙe Birged ta Biyu mai hedikwata a Legas, kuma shi ne hafsa mafi girman muƙami daga Arewa.

An san shi da tsanani wajen da'a, kuma ƙananan sojoji 'yan Arewa, waɗanda su ne mafi yawa a cikin masu riƙe bindiga, suna ganinsa kamar uba. Abin da Sandhurst ta koya masa shi ne soja yana tsayawa a kan amana tsakanin na sama da na ƙasa: kwamanda ba ya tambayar kansa ko hafsan da ke rubuta masa umarni yana tare da shi. Hafsan da ke wannan matsayi a ofishinsa shi ne Manjo Emmanuel Ifeajuna, wanda ya yi Jami'ar Ibadan, kuma ya shahara tun 1954 da ya ci lambar zinariya a tsallen sama a wasannin ƙasashe renon Ingila a Vancouver. Har hotonsa aka riƙa bugawa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta.

Ranar 14 ga Janairu 1966 an yi taron manyan hafsoshin soja a Legas, da dare kuma Maimalari ya yi liyafa a gidansa na Ikoyi. Manyan hafsoshi sun halarta, har da Laftanar-Kanar Yakubu Gowon da ya dawo daga kwas a Ingila, har da wasu daga cikin waɗanda suka shirya kashe mai gidan. Bayan tsakar dare sojoji ƙarƙashin Manjo Don Okafor suka zo gidan. Maimalari ya sulale ta baya, ya tsira. Yana tafe a ƙafa cikin duhu sai ya hango motar Ifeajuna, ya gane ta, ya ɗaga hannu ya tsayar da ita. Ta fuskar duk abin da aka koya masa, babu kuskure a cikin wannan: kwamandan da aka kai wa hari ya ga babban hafsan ofishinsa. A nan aka harbe shi.

A wannan dare aka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Akintola da Okotie-Eboh, kuma su ne tarihi ya fi tunawa. Amma a bariki wani lissafi ake yi. Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar-Kanar Yakubu Pam da Laftanar-Kanar Abogo Largema, wato manyan hafsoshin Arewa huɗu, duk sun tafi kafin gari ya waye, tare da Ademulegun da Shodeinde da Unegbe. Ironsi ya karɓi mulki, aka tsare masu juyin, amma ba a gurfanar da su ba. Sojan da zai iya haƙura da mutuwar ɗan siyasa bai iya haƙura da ganin wanda ya harbi kwamandansa yana zaune ba shari'a. Wannan ciwo, tare da Doka ta 34 da ta rushe tsarin tarayya a watan Mayu, shi ya haifi ramuwar 29 ga Yuli 1966, wadda a cikinta aka kashe Ironsi a Ibadan da hafsoshi Inyamurai da dama. Abin da ya biyo baya sananne ne: kashe-kashen fararen hula a garuruwan Arewa, sannan yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Ifeajuna kansa, wanda ya gudu Ghana ya dawo, gwamnatin Biyafara ce ta harbe shi a Enugu a Satumban 1967.

Babban barikin Maiduguri yana ɗauke da sunan Maimalari, kuma daga nan ne Runduna ta 7 ke yaƙi da Boko Haram. Ɗan da ya bari yana yaro ya shiga aikin mahaifinsa, sai dai rundunar da ya tarar ta riga ta saba da kujerun mulki, har ta kai laftanar-kanar na iya wayar gari yana gwamnan jiha. Makonni kaɗan bayan bikin miƙa mulki na Dutse, Shugaba Obasanjo ya yi wa hafsoshin da suka riƙe muƙaman siyasa ritaya, kuma tun daga ranar ba a sake tura kantoman soja Jigawa ba.