Famfara, zinari da gubar dalma

1/ Jama'a, hutun nan na je Tsafe na tarar ƙanwata 'yar shekara 6 ta fara famfara. Tana ta rufe baki da hannu wai kada ƙadangare ya ga giɓin, sabon haƙori ya ƙi fitowa. Dariya na yi, amma da ta miƙo min ɗan haƙorin sai na tuna wani abu da na karanta a Gusau. Ku biyo ni, zaren yana da tsawo 🧵

2/ Haƙoran yaro 20 ne, na babba 32. Na yaro sun fi ƙanƙanta da fari, kuma rufinsu bai kai na manya kauri ba, shi ya sa alawa ke saurin cinye su. Suna fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3. Famfara kuma daga shekara 6 zuwa wajen 12.

3/ Kun lura haƙorin famfara ba ya da saiwa? Da yana da ita. Sabon da ke tasowa daga ƙasa ne ke narkar da ita a hankali har ya yi girgiɗi ya faɗi. Af, turmin da ke fitowa can ƙurya a shekara 6 ba ya famfara fa, na dindindin ne. Iyaye da yawa ba su sani ba, sai su bari ya ruɓe.

4/ Ga bambancin da ya fi ɗaukar hankalina. Haƙoran yaro tun yana ciki suke fara ƙulluwa, kuma hawa-hawa suke ginuwa kamar zoben cikin kututturen icce. Har wani siririn layi ake gani da madubin likita wanda ke nuna lokacin haihuwa. Abin da ya shiga jikin uwa da jariri, wani yana maƙalewa a nan.

5/ Ciki har da dalma. Jiki yana ɗaukarta kamar kalsiyam, sai ya kai ta ƙashi da haƙori ya ajiye. Gwajin jini galibi na makonnin baya-bayan nan yake nunawa. Haƙori kuwa na shekaru. Kuma na yaro da kansa yake faɗuwa, ba allura ba cirewa.

6/ Wani likitan yara a Amurka, Herbert Needleman, ya yi amfani da wannan. Ya sa malamai suka tara haƙoran famfara na yara sama da 2,000 a garuruwan Chelsea da Somerville kusa da Boston. A 1979 ya fitar da sakamako: masu dalma da yawa a haƙori sun fi samun ƙarancin maki a gwajin basira, kuma malamansu sun ce ba sa natsuwa a aji.

7/ Yaran nan ba kwance suke ba, lafiya lau ake ganinsu. Wannan ne abin tsoron. Binciken yana cikin hujjojin da suka sa aka cire dalma daga fetur. Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021.

8/ To mu dawo gida. Bayan 2008 farashin zinari ya tashi, ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka shiga haƙa. Dutsen da ke ɗauke da zinarin cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Wurin da jariri ke rarrafe yana kai hannu baki, musamman lokacin fitar haƙori.

9/ A Maris 2010 ma'aikatan MSF suka lura yara na ta mutuwa da jijjiga. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, magani ya ƙi ci. Gwajin jini ne ya tona. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Dareta, 'Yargalma, Abare, Bagega. Allah Ya jiƙansu.

10/ Me ya sa yara ba iyayensu masu aikin ba? WHO ta ce ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsewa, ga ƙwaƙwalwa tana kan ginuwa.

11/ Maganin da ke janyo dalma daga jiki ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar, dole sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa. An yi wa ƙauyuka da dama tun 2010, amma Bagega ta zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya har 2013. Sai da matasa irinsu Hamzat Lawal suka tada #SaveBagega a Twitter kafin Jonathan ya saki kuɗin. Wallahi wannan jinkirin har yau yana ci min rai.

12/ Ku yi lissafi. Wanda aka haifa a Bagega a 2009 ya fara famfara wajen 2015, ya gama wajen 2021. Yanzu sa'an ƙannenmu ne masu shirin WAEC. In karatu ya ba shi wuya, daƙiƙi za a ce masa. Haƙori 20 ya zubar, kowanne da shaidar ƙurar da ya shaƙa.

13/ MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022. Haramcin haƙar ma'adinai da aka sa a 2019 an ɗage shi a Disamba 2024. A Afrilu 2025 sai ga rahoton gubar dalma a ƙaramar hukumar Bungudu, nan bakin Gusau.

14/ In gidanku akwai mai zuwa wurin haƙa, kada a shigo da dutsen gida, kada a niƙa shi inda ake niƙa hatsi, kuma ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ɗauki yaro.

15/ Haƙorin ƙanwata dai na roƙa ta bar min ta ƙi. Kaka ta ce a jefa kan rufin ɗaki, ta jefa.