Daga Hatimin Sarki Zuwa Hatimin Na'ura: Takardun Yuraniyom na Jabu da Ilmin Bin Sawu a Yamai

Gabatarwa

Hausawa kan ce ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa. Sai dai tarihin Nijar na baya-bayan nan ya nuna cewa wani lokaci takan yi ƴaƴa kafin a kai ga tsinke furen, kuma ƴaƴan masu ɗaci ne. A shekarar 2003 an auka wa ƙasar Iraƙi da yaƙi, kuma cikin hujjojin da aka kafa har da zargin da ya samo tushe daga wasu takardu masu ɗauke da tambarin Jamhuriyar Nijar, waɗanda hukumomin Yamai ba su taɓa rubutawa ba. Ilmin da ke bambance takardar gaskiya da ta jabu daɗaɗɗe ne, amma a yau ya koma cikin kwamfuta da wayar salula, har jami'o'i suna ba da digiri a kansa da sunan tsaron hanyoyin sadarwa da binciken ƙwaƙwaf na na'ura. Tarihin wannan ilmi ya shafi Yamai kai tsaye, domin sunanta aka ara aka yi ɗaya daga cikin manyan ƙarairayin wannan ƙarni.

Takardun da suka share fagen yaƙi

A watan Fabrairu na 1999 jakadan Iraƙi a fadar Fafaroma, Wissam al-Zahawie, ya kawo ziyara Yamai. Ziyarar ta gaskiya ce, kuma a kanta aka ɗora ginin ƙarya. A hutun sabuwar shekara ta 2001 an fasa ofishin jakadancin Nijar da ke birnin Roma, aka kwashe takardu masu tambarin ƙasa da hatimai. Daga baya wasu wasiƙu suka fara yawo tsakanin hukumomin leƙen asiri na ƙasashen Yamma, suna nuna wai Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na garin yuraniyom.

Duk wanda ya san harkar ma'adinan Arewa zai yi tababa tun daga wannan adadi. A wancan lokaci kamfanoni biyu, SOMAÏR a Arlit da COMINAK a Akouta, suna fitar da kimanin tan 3,000 a shekara, kamfanin Cogema na Faransa ke jan ragamarsu, kuma ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ake fitar da kayan. Ɓatar da kashi ɗaya cikin shida na abin da ake haƙowa ba tare da wani ya lura ba abu ne da hankali ba zai ɗauka ba. Abin da tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson ya gano ke nan lokacin da aka aiko shi Yamai a watan Fabrairu na 2002. Ita ma ƴar jaridar Italiya Elisabetta Burba, wadda aka miƙa wa kwafin takardun a watan Oktoba na wannan shekara, ta zo Nijar da kanta, ta koma ba ta buga labarin ba. Duk da haka, a ranar 19 ga Disamba 2002 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ambaci Nijar da suna, sannan a ranar 28 ga Janairu 2003 shugaba George W. Bush ya faɗa a jawabinsa ga majalisa cewa gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam Hussein ya nemi yuraniyom daga Afirka.

Sai a watan Fabrairu na 2003 takardun suka isa hannun Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana. Jami'inta Jacques Baute da abokan aikinsa ba su ɓata lokaci ba suka gano bakin zaren, ta hanyar gwada abin da ke cikin takardun da bayanan da kowa zai iya samu a intanet. Wata wasiƙa mai kwanan wata 10 ga Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar wannan kujera tun 1989. Wata kuma, da aka jingina ga shugaba Tandja Mamadou, ta kafa hujja da tsarin mulkin 1965, alhali tsarin mulkin 1999 ne ke aiki a lokacin. A ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun ba sahihai ba ne. Bayan kwana 13, wato ranar 20 ga Maris, aka fara yaƙin. A watan Yuli fadar shugaban Amurka ta amince cewa bai kamata a sa wannan magana a cikin jawabin ba.

Abin lura a nan shi ne, kurakuran da suka tona asirin maƙaryatan abubuwa ne da kowane malamin tarihi na sakandare a Yamai zai iya ganewa da kallo ɗaya. Matsalar ita ce takardun sun daɗe suna yawo a ɓoye kafin su zo gaban wanda zai tambaye su.

Tsohon ilmi

Dabarar da aka bi a Biyana ba baƙuwa ba ce ga almajiran ƙasar Hausa. Malaman hadisi sun kafa ilmin isnadi, inda ake bin silsilar masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, a duba shekarar haihuwar kowanne da ta rasuwarsa, domin a tabbatar ko zai yiwu sun haɗu. A tsakiyar ƙarni na 11 an kawo wa malamin tarihi Al-Khaɗib al-Bagdadi wata takarda da aka ce an rubuta ta a shekarar Khaibar. Ya duba sunayen shaidu, sai ya ce jabu ce, domin a ciki akwai Sa'adu ɗan Mu'azu wanda ya rasu shekara biyu kafin Khaibar, da Mu'awiya wanda bai musulunta ba sai bayanta. Sa hannun ministan da ya bar aiki da shekara 11 irin wannan kuskure ne.

A daular Sakkwato ma, wasiƙun Sarkin Musulmi da na sarakuna suna ɗauke da hatimi, kuma ana sanin hannun magatakarda da manzon da ya kawo saƙo. Duk da wannan tsari, wasiƙa ce aka kafa hujja da ita wajen kai wa Sakkwato hari. Lugga ya ce a watan Mayu na 1902 ya sami wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Fassararta ta Ingilishi ce ta shiga rahotanni, ba a gabatar da asalinta na Larabci ba, abin da ya sa D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya nuna shakku kan sahihancinta a littafinsa na 1964. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, shekara ɗari cif kafin watan da aka shiga Iraƙi. Darasin ɗaya ne: hujjar da ba a ga asalinta ba, ba a kuma san hannuwan da ta bi ba, ba abin dogaro ba ce.

Yadda sawu ya koma cikin na'ura

A shekarar 1910 Edmond Locard ya buɗe ɗakin binciken kimiyya na ƴan sanda a birnin Lyon na Faransa, bisa ƙa'idar cewa duk wanda ya taɓa abu sai ya bar alama. Kwamfuta ta gaji wannan ƙa'ida. A 1986 Clifford Stoll, masanin taurari da ke kula da kwamfutocin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley a Amurka, ya ga giɓin santi 75 a lissafin kuɗin amfani da na'ura. Ya bi wannan ɗan sawu na tsawon watanni har ya kai shi birnin Hanoba na Jamus, wurin wani mai kutse da ke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet bayanai. A ranar 2 ga Nuwamba 1988 wata manhaja mai yaɗa kanta da ɗalibi Robert Morris ya saki ta durƙusar da dubban kwamfutoci, lamarin da ya sa aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta farko a Jami'ar Carnegie Mellon. Daga nan ilmin ya shiga aji: kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan ta fara ba da digiri na biyu kan tsaron bayanai a 1992.

Karatun yana da rassa biyu. Na farko rigakafi ne: yadda ake tsara hanyoyin sadarwa, da katange su, da ɓoye saƙo ta lissafi yadda mai makulli kaɗai zai karanta. Na biyu bin sawu ne bayan ɓarna ta auku. Mai bincike ba ya aiki a kan ainihin wayar ko kwamfutar da aka kama. Yakan ɗauki kwafinta gaba ɗaya ta na'urar da ke hana a rubuta komai a kanta, sannan ya fitar da hatimin lissafi na abin da ya kwafa. Hanyar da ake kira SHA-256 tana ba da jerin alamomi 64, kuma idan aka sauya harafi ɗaya tak a cikin fayil, jerin zai sauya baki ɗaya. Kazalika, ana rubuta sunan duk wanda ya riƙe hujjar, da ranar da ya karɓa, da wanda ya miƙa wa, har ta isa gaban alƙali. Wannan ita ce silsilar isnadi a sabuwar riga. Saboda haka ne ɗalibin wannan fanni ke buƙatar lissafi, da sanin doka, da iya rubuta rahoton da alƙalin da bai karanci kwamfuta ba zai fahimta.

Yamai da buƙatar masana

An yi rajistar sunan yankin Nijar a intanet, wato .ne, a 1996, wayar salula kuma ta fara bazuwa a farkon shekarun 2000. Dokoki sun biyo baya a makare. An yi dokar kare bayanan sirri na jama'a a 2017, shekarar da aka kafa hukumar ANSI mai kula da zamanantar da ayyukan gwamnati, sannan doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019 ta tanadi hukunci kan laifukan intanet. Nijar tana cikin ƙasashe 15 da amincewarsu ta sa Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, wadda aka ƙulla a 2014, ta fara aiki a watan Yuni na 2023.

Doka kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu. A watan Yuni na 2020 an tsare ƴar jarida Samira Sabou a gidan kason Yamai a ƙarƙashin dokar 2019, bisa zargin ɓata suna da ya taso daga wani rubutu nata a Facebook, alhali sunan mai ƙarar ya fito ne a martanin da wani ya rubuta a ƙarƙashinsa. Kotu ta sallame ta a ƙarshen watan Yuli. A 2022 an cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura, a watan Yuni na 2024 kuma aka maido da shi. Idan ƴancin mutum ya rataya a kan tambayar wane ne ya rubuta, daga wace waya, a wane lokaci, to ƙasa na buƙatar masanan da mai gabatar da ƙara da lauyan wanda ake tuhuma duk za su iya kira.

Wuraren horo suna nan. Jami'ar Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar ilmi mai zurfi a 1971, ta ɗauki sunan masanin kimiyya Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, a 1992. Nijar na cikin ƙasashe bakwai da suka kafa makarantar sadarwa ta ESMT a Dakar a 1981, kuma Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014 an ɗora ta ne a kan fasahar zamani. A maƙwabciya Nijeriya, Jami'ar Fasaha ta Minna tana da sashe sukutum na tsaron intanet. Sai dai akwai abin da ba a samun sa a Turai. Da yawa daga cikin saƙonnin jama'a a nan muryoyi ne da aka naɗa da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek, kuma mai binciken da bai san zaurance da habaici da barkwancin taubasai ba zai iya ɗaukar wasa ya mai da shi barazana. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka aikin samar da kalmomin wannan ilmi ya hau kan malaman harshe.

Ƙungiyoyin al'adu ma ba su tsira ba. Cibiyar IRSH tana adana rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami kimanin 4,000, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa, CELHTO kuma, wadda aka kafa a 1968, tana riƙe da muryoyin maroƙa da dattawa. Duk abin da aka mayar cikin kwamfuta daga wannan gado ya shiga sabon haɗari. A watan Oktoba na 2023 masu kutse sun kulle na'urorin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya suna neman fansa, kundinsa ya yi watanni ba ya aiki. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Kammalawa

Tsakanin 1903 da 2003 kayan aiki sun sauya daga tawada da hatimin ƙarfe zuwa na'ura, kuma a yau ana iya ƙirƙirar muryar mutum da hotonsa cikin mintoci. Tambayoyin dai ba su sauya ba: wa ya rubuta, yaushe, ta hannun wa ta biyo, ina asalinta? Malamin da ya koya wa ɗalibansa yin waɗannan tambayoyi huɗu kafin su tura saƙo gaba, ya riga ya ba su darasin farko na wannan digiri. Sauran aiki ya rage ga jami'o'i da kotuna, domin ranar da wata takarda za ta sake fitowa da sunan Nijar, a samu waɗanda za su tantance ta a Yamai tun kafin ta yi ƴaƴa.