Ziyarar Iyaye a Jami'o'in Amurka: Abin da Ya Rage na Riƙo

Duk shekara, daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba, ƙananan garuruwan Amurka masu manyan jami'o'i kan cika maƙil da baƙi. Ɗakunan otal kan ƙare tun watanni kafin lokacin, gidajen abinci sai an bi layi, tituna su cushe da motoci masu lambar wasu jihohi. Baƙin nan iyayen ɗalibai ne. Jami'a ce ta gayyato su su yi ƙarshen mako tare da 'ya'yansu, galibi bayan an yi 'yan makonni da fara zangon karatu. Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ran Juma'a a yi rajista, a maƙala wa uba ko uwa kati mai ɗauke da suna, wanda yake so ya shiga aji ya zauna daga baya ya ji lacca. Ran Asabar shugaban jami'a ya yi jawabi ya amsa tambayoyi, a gasa nama a wurin ajiye motoci, a ɗunguma filin ƙwallo. Ran Lahadi a karya kumallo tare, a yi sallama. Wanda ya hango daga nesa zai ɗauka bikin zumunci ne kawai, ko kuwa dabarar talla. A ganina al'adar ta fi haka nauyi, domin a cikinta ake karanta tarihin wata tambaya da Amurkawa suka haura shekara ɗari suna ja-in-ja a kanta: idan yaro ya bar gida ya tafi jami'a, a hannun wa yake? An faro ziyarar ne a zamanin da amsar take a fili, jami'a ce mariƙiya. Ta ƙara ƙarfi kuwa bayan da doka ta karɓe riƙon daga hannun jami'a, ba ta kuma mayar wa iyaye ba.

Kwalejojin farko na ƙasar, tun daga Harvard da aka kafa a 1636, tsarin Oxford da Cambridge na Ingila suka bi, inda ɗalibi yake kwana, ya ci abinci, ya yi ibada a gaban idon malamansa. Hukumar makaranta ta ɗauki kanta a matsayin uba, kotuna kuma suka yarda da haka. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a garin Berea na jihar Kentucky ta taso. Wani mutum mai suna Gott yana da gidan abinci a tsallaken titin Kwalejin Berea, ɗalibai ne masu yi masa ciniki. Sai kwalejin ta kafa doka cewa duk ɗalibin da ya shiga gidan abinci ko wurin shaƙatawa da ba nata ba, kora ce hukuncinsa, kuma ta kori wasu don a ga da gaske take. Kasuwar Gott ta mutu, ya kai ƙara. A 1913 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ba kwalejin gaskiya, ta ce hukumar makaranta a gurbin iyaye take tsaye kan abin da ya shafi lafiyar ɗalibi da tarbiyyarsa, don haka tana iya kafa duk dokar da uba zai iya kafa wa ɗansa. A 1928 wata kotu a New York ta goyi bayan Jami'ar Syracuse da ta kori wata ɗaliba ba tare da bayyana takamaiman laifi ba, illa dai an ce ba irin yarinyar da ta dace da makarantar ba ce. 'Yan mata ne suka fi jin nauyin wannan riƙo. A ƙofar gidan kwanansu akwai littafi, yarinya ba ta fita da dare sai ta rubuta sunanta da inda za ta da lokacin da za ta dawo, uwar gidan kwana kuma tana zaune tana duban agogo.

A cikin wannan yanayi ziyarar iyaye ta fito, kuma lokacin fitowarta ba banza ba ne. A 1900 ɗaliban manyan makarantu a duk Amurka kimanin 238,000 ne. Zuwa 1920 sun kusa 600,000, a 1930 kuma sun haura miliyan ɗaya. Da yawa daga cikin sababbin shigan 'ya'yan manoma ne da masu kanti, waɗanda suka nufi jami'o'in jihohi da dokar Morrill ta 1862 ta ba filaye don koyar da noma da aikin injiniya. Iyayen waɗannan yara ba su taɓa zama a jami'a ba, abin da suke ji game da ita a jarida kuwa ba mai kwantar da hankali ba ne: rawa, motoci, giya duk da an haramta ta a ƙasar tun 1920. A lokaci guda, motar Ford mai araha da ta fito a 1908 ta sa manomi zai iya barin gona da asuba ya iso garin jami'a kafin rana ta take. Ga kuma ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta riga ta zama abin tara jama'a. Jami'ar Illinois ta fara bikin dawowar tsofaffin ɗalibai a kan wasan ƙwallo tun 1910. A wannan jami'a ce aka shirya ranar iyaye maza a 1920, tana cikin na farko a ƙasar, aka kafa ƙungiyar ubanni a 1922, ta uwaye a 1923. Zamanin Thomas Arkle Clark ne, jami'in kula da ɗalibai maza wanda ya yi suna wajen sanin halin da kowane yaro yake ciki, har da abin da yaron yake ɓoyewa. A jihar Texas ma, a 1922, wasu uwaye a birnin Dallas suka kafa ƙungiya saboda damuwa da halin 'ya'yansu a kwalejin noma da injiniya ta jihar, wadda a lokacin ta maza ce zalla kuma a kan horon soja take tafe. Ma'anar gayyatar a wancan zamani a sarari take. Wanda aka ba amanar yaro yana cewa mai yaron ya zo ya duba inda ɗansa yake kwana da abin da yake ci da wanda yake tsare da shi. Gani ya kori ji. Jami'ar jiha kuma ta san uban nan mai biyan haraji ne, mai jefa ƙuri'a ga 'yan majalisar da suke yanka mata kasafi.

Riƙon nan bai faɗi rana ɗaya ba. Tsagewar farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bayyana, lokacin da dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta buɗe musu ƙofar karatu. A 1947 kusan rabin ɗaliban jami'o'in ƙasar mazan jiya ne, wasu da mata da 'ya'ya, kuma ba mai iya ce wa mutumin da ya yi yaƙi a Faransa ko tsibiran Fasifik ya kashe fitila ƙarfe goma. Amma babban bugu daga fafutukar baƙaƙen fata ya zo. A watan Fabrairun 1960 ɗaliban Kwalejin Jihar Alabama, makarantar baƙaƙe, suka je wurin cin abinci na harabar kotun Montgomery, inda farare kaɗai ake sayar wa, suka zauna suka ce a ba su abinci. Gwamna John Patterson ya matsa lamba, aka kori tara ba tare da an saurare su ba. Shida suka kai ƙara, kuma a 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta gaya masa laifinsa ta kuma ba shi damar kare kansa. Ya kamata a tsaya a kan wannan, domin masu begen tsohon tsari kan manta da shi: ikon da ake kira na uba, shi ne makamin da gwamna ya ɗauka don murƙushe yaran da suka nemi a ɗauke su mutane. Daga nan sauran suka biyo da sauri. Boren ɗalibai na shekarun 1960, irin na Berkeley a 1964, ya share dokokin gidajen kwana. A 1971 aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 26, shekarun zaɓe suka sauko zuwa 18. A 1974 majalisa ta zartar da dokar sirrin bayanan ɗalibai, wadda ake kira da sunan Sanata James Buckley, ta mayar da ikon takardun karatu hannun ɗalibin jami'a shi kansa. A 1979 wata kotun tarayya, a shari'ar ɗalibin da jikinsa ya shanye sakamakon haɗarin mota bayan liyafar aji da aka sha giya, ta ce kwaleji ba ta ɗauki lamunin tsaron lafiyar ɗalibanta ba, zamanin tsayawa a gurbin iyaye ya wuce.

Da ziyarar iyaye rahoton mariƙi ce kawai, da ta mutu tare da riƙon. Sai ga shi ta yaɗu, jami'o'i suka buɗe ofisoshi na musamman don hulɗa da iyaye. Dalilin shi ne doka ta balagar da ɗalibi a takarda, amma abu biyu ba su motsa daga gidan ubansa ba: kuɗi da fargaba. Kuɗin makaranta ya yi ta hawa fiye da albashi, har a 1980 gwamnatin tarayya ta fito da rance na musamman wanda iyaye ne suke ci da sunansu don biyan karatun 'ya'yansu. Sai aka wayi gari uba yana biyan dubban daloli, ya kira ofishin rajista ya tambayi sakamakon jarrabawar 'yarsa, a ce masa sai ita ta sa hannu a takardar amincewa. Dokar ta bar wa jami'a zaɓin gaya wa iyaye idan ɗalibin yana ƙarƙashin ɗawainiyarsu a takardun haraji, amma ba ta tilasta ba, kuma da yawa sun gwammace su yi shiru. Fargabar kuwa ta sami suna a 1986, lokacin da wani ɗalibi ya kashe Jeanne Clery, 'yar shekara 19, a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh. Iyayenta suka gano an sha aikata munanan laifuka a harabar ba wanda ya sanar da su, suka yi tsaye har aka kafa dokar 1990 da ta wajabta wa jami'o'i bayyana alƙaluman laifukan da ake yi a cikinsu. A 1998 kuma aka sassauta dokar Buckley, aka yarda a sanar da iyaye idan ɗalibin da bai kai 21 ba ya karya dokar giya ko ƙwaya. Ziyarar ƙarshen mako ta zama ƙofar da ta rage a buɗe. Abin da jami'a ba za ta iya rubuto wa uwa ba, uwar za ta gani da idonta: ko yaron ya rame, ko yana da abokai, ko yana sauri ya nuna mata ajinsa, ko kuwa yana kauce wa zancen karatu.

Akwai masu cewa duk wannan ƙawata zance ne, gaskiyar magana kuɗi ake nema. Ba su rasa hujja ba. Ofishin tara gudummawa yana da hannu a shirin, akan ware wa iyaye masu hali liyafa ta daban da shugaban jami'a, masu otal kuma kan ninka farashi. Sai dai neman kuɗi bai bayyana abin da ya sa aka zaɓi makonnin farko na zango ba, lokacin da ɗokin sabon wuri ya kwanta, jarrabawar farko ta gabato, kewar gida ta kama sabon ɗalibi. Mai neman kuɗi zalla ranar yaye ɗalibai ta fi masa, sa'ad da kowa yake cikin murna. Bai kuma bayyana abin da ya sa mace mai aikin awa-awa take ɗaukar hutu ba albashi ta yi tuƙin yini guda ba. Buƙatar jami'a da ta iyaye sun haɗu ne a wuri ɗaya, kuma tun 1920 haka abin yake.

Suka ta biyu ta fi shiga raina, wato cewa al'adar tana mayar da baligi yaro, tana ƙarfafa iyayen da ba sa iya sakin ɗansu, masu kiran malami kan makin jarrabawa. Matsalar gaskiya ce, amma ba a kan ziyarar take ba. Wayar hannu ce ta kawar da nisan da ke tsakanin gida da makaranta, ta sa uwa take iya sanin inda ɗanta yake kowace sa'a. Ziyarar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. A cikinta kuma matsayi yake juyawa, domin ɗalibi ne mai masauki. Shi ya san hanya, shi yake riƙe da katin buɗe ƙofa, shi yake gabatar da ubansa ga abokansa, shi yake zaɓar abin da zai nuna da abin da zai bari. Uba da ya saba shiga gaba, yau a baya yake bin ɗansa. Iyaye da yawa a nan suke fara ganin cewa yaron yana da rayuwar da ba su suka tsara ba, kuma wannan ya fi kusa da yaye fiye da mayarwa goyo.

Inda ba ni da amsar da za ta wanke al'adar shi ne batun waɗanda ba a zo musu ba. Tun asali an gina ta ne a kan iyali mai mota da hutun Asabar da kuɗin otal. Ɗalibin da ya taso a gidan marayu, da wanda iyayensa suke aikin da ba a bari a ƙarshen mako, da ɗan ƙasar waje, har da 'ya'yanmu da ke karatu can waɗanda iyayensu sai sun nemi biza sun sayi tikitin jirgi mai tsada kafin su yi kwana biyu, duk suna kallon harabar ta cika da iyayen wasu. Jami'o'i da dama sun sauya sunan daga na iyaye zuwa na iyali, don kaka da kawu da yaya da mariƙi su shigo, wasu kuma sun haɗe ranar uwaye da ta ubanni wuri ɗaya saboda ɗaliban da suke da ɗaya kawai. Gyara ne mai kyau, amma suna ba ya biyan kuɗin mota. Jami'ar da take ikirarin tana son 'ya'yan talakawa su shigo su kuma gama, ya kamata ta ɗauki kuɗin tafiya da masaukin iyayensu cikin tallafin karatu, domin iyayen da ba su taɓa taka jami'a ba su ne aka fara shirya ziyarar dominsu, kuma su ne a yau tsadarta ta fi hanawa zuwa.