Jinya ta Hanyar Wasa a Cibiyoyin Tamowa

Jinya ta hanyar wasa wani sashe ne na aikin kiwon lafiya da ake amfani da wasa, waƙa da motsa jiki domin farfaɗo da hankali da ƙarfin majiyyaci. A gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi, aikin ya fi shafar yaran da ke fama da tamowa mai tsanani, wato ƙarancin abinci mai gina jiki da ke ramar da yaro ko ya kumbura masa ƙafafu, waɗanda ake kwantarwa a sashen asibiti da ake kira CRENI, irin cibiyoyin da suka yawaita bayan ƙarancin abincin shekarar 2005.

Yaron da tamowa ta kama yakan yi shiru, ya daina murmushi da sha'awar abin da ke kewaye da shi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wasa da kulawar uwa cikin matakai goma na jinyarsa, ta kuma ba da shawarar minti 15 zuwa 30 na tsararren wasa kowace rana. Ma'aikacin jinyar yakan zaunar da iyaye mata a kan tabarma, ya koya musu haɗa abin kaɗawa da gwangwani da tsakuwa ko 'yartsana da tsumma, domin su ci gaba a gida bayan sallama. Binciken Sally Grantham-McGregor a Jamaika ya nuna cewa irin wannan wasa yana inganta bunƙasar ƙwaƙwalwar yaran da suka yi tamowa.