Kunnen zomon Claude Bernard da hannun da ya ƙi yin ɗumi

Mutum ya zo yana cewa hannunsa na hagu da ƙafarsa ta hagu sun yi sanyi, alhali ɓarin dama lafiya lau. A gida amsar da zai fara samu ita ce "ai sanyi ne ya kama ka", sai a haɗa shi da tafasasshen magani. Amma wane irin sanyi ne ke raba jiki biyu daidai, ya zaɓi ɓari ɗaya? Amsar ta fara fitowa ne daga kunnen wani zomo a birnin Faris.

Kafin mu je can, akwai wata matsala ta harshenmu. Kalmar jijiya tana nufin hanyar da jini ke bi, tana kuma nufin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka. A nan zan riƙa cewa jijiyar jini da jijiyar saƙo, domin labarin duka a kan dangantakarsu yake.

A 1851 masanin Faransa Claude Bernard ya yanke wata jijiyar saƙo a gefe ɗaya na wuyan zomo. A lokacin ana ganin jijiyoyin saƙo suna da hannu wajen samar da zafin jiki, don haka ya sa ran wannan gefen zai huce. Sai aka samu akasi. Kunnen gefen da aka yanke ya yi ja, jijiyoyin jininsa suka buɗe har ana ganinsu, ya kuma fi ɗayan kunnen zafi. Zomo ya dace da wannan aiki, don kunnensa siriri ne, idan ka ɗaga shi wajen haske kana ganin hanyoyin jini raɗau, ga kuma ɗaya kunnen a gefe da za a gwada da shi.

Bernard ya ga abin, amma ya daɗe yana fassara shi a matsayin zafin da naman jiki ke ƙerawa. Wanda ya fi saurin gane gaskiyar shi ne Charles-Édouard Brown-Séquard, haifaffen tsibirin Morishus, wanda a 1852 yake Filadelfiya ta Amurka. Shi ya sa wa guntun jijiyar da aka yanke lantarki, sai jijiyoyin jinin suka tsuke, kunne ya koɗe, ya yi sanyi. Wato wannan jijiyar saƙo kamar hannu take a kan famfo: kullum tana ɗan matse hanyar jini, in ta ƙara matsi fata ta huce, in ta saki fata ta yi ɗumi. An yi ta ja-in-ja kan wa ya riga wa. A ganina Bernard ya riga gani, Brown-Séquard ya riga fahimta. Da Bernard ya rasu a 1878, Brown-Séquard ɗin ne ya gaji kujerarsa a Kwalejin Faransa.

Daga zomo aka dawo kan mutum. A 1869 likitan ido Johann Friedrich Horner na Zurik ya bayyana wata mata da fatar idonta ɗaya ta sauko, ƙwayar idon ta tsuke, zafi da gumin ɓarin fuskar nan suka bambanta da na ɗayan. Irin jijiyar da Bernard ya yanka ce ta sami matsala a jikinta.

To, me ya haɗa wannan da hannu da ƙafa? Duba yadda aka shimfiɗa jiki. Jijiyar jinin da ke ciyar da hannu tana rabuwa da babbar jijiya tun a saman ƙirji. Ta ƙafa kuwa sai a ciki, wajen cibiya, take rabuwa. Tsakaninsu akwai nisa, shi ya sa da wuya toshewa guda ta kama hannu da ƙafa na ɓari ɗaya ta bar sauran, kodayake yana faruwa idan guntayen gudan jini suka taso daga zuciya ko babbar jijiyar ta tsage. Amma hanyoyin saƙon hannu da na ƙafa suna haɗuwa wuri guda a saman laka da cikin ƙwaƙwalwa, a matse kamar igiyoyin da aka ɗaure tare. Ƙaramin rauni a can ya isa ya taɓa su duka. Kuma da yake yawancin hanyoyin suna tsallakawa, rauni a dama yakan bayyana a hagu.

Sai dai sanyin iri biyu ne, kuma nan ne labarin ya fi burge ni. Akwai wanda ma'aunin zafi zai tabbatar, akwai wanda mai shi kaɗai ke ji. A 1906 Jules Dejerine da Gustave Roussy, su ma a Faris, suka bayyana marasa lafiyar da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa musu talamus, wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa da saƙonnin ji ke yada zango kafin su wuce. Ƙarfinsu yakan dawo, amma ɓarin ya rage da raɗaɗi mai tsanani. Masu wannan lalura sukan kwatanta shi da ƙuna ko ƙanƙara, ruwan sanyi kaɗan ya gigita su. Ka taɓa hannun, wataƙila ka ji shi daidai da ɗayan. Ba ƙarya suke ba, mai karanta saƙon ne ya lalace.

Na farkon ma gaskiya ne. A 1994 wasu likitoci a Lids ta Ingila suka auna hannayen masu shanyewar ɓarin jiki da ke kukan sanyi, suka tarar hannun da ya shanye ya fi sanyi da gaske, jinin da ke shigarsa ya ragu. Ga matsewar jijiyoyin jini, ga rashin motsi, tunda tsokar da ba ta aiki ba ta samar da zafi. Duk wanda ya taɓa ƙafar mai shan inna ya san wannan sanyin.

Shi ya sa likitan yau, in aka zo masa da wannan kuka, yakan yi abin da Bernard ya yi da kunnuwan zomo, ya gwada ɓari da ɓari. Zai taɓa bugun jini a wuyan hannu da ƙafa, ya auna hawan jini a hannu biyu, ya ɗora abu mai sanyi da mai ɗumi a kowane gefe, ya duba ƙwayar ido. Sanyin da ya daɗe yana iya jiran ranar ganin likita. Wanda ya zo farat ɗaya tare da raunin hannu, karkacewar baki ko sarƙewar magana, ko gaɓar ta koɗe tana ciwo babu bugu, wannan na gaggawa ne. Maganin narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa yawanci cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi.