Nima Daga Sama: Daga Makiyayar Malam Futa Zuwa Jirgin Hoto Mara Matuƙi

Bayan shirinmu na makon jiya, wani mai fataucin albasa zuwa Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, ya aiko da tambaya. Ya ce ɗansa ya matsa masa ya sayo masa ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto, wanda samari ke kira duron, irin wanda ya gani ana tashi da shi a wani biki a Nima. Wane iri zai saya? To, Alhaji, kafin mu je ga farashi, bari mu ɗan koma baya, domin kallon ƙasa daga sama yana da tarihi, kuma tarihin ya shafe ka.

Duk wanda ya ga hoton Nima da Maamobi daga sama, abin da zai gani kwanon rufi ne ya haɗe da kwanon rufi, lungu kamar zare, ga babbar kwata ta ratsa unguwa. Da wuya ka hango inda za a ɗaure akuya. Amma ka san wurin nan makiyaya ce a da? A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya nemi izinin zama a wajen iyalin Odoi Kwao, 'yan ƙabilar Ga masu ƙasar. A nan ake ajiye shanun da aka koro daga arewa kafin a shigar da su gari. Kafin nan akwai tsofaffin zangunan Hausawa a Accra, kamar Sabon Zango na Malam Baƙo, amma Nima bayan gari ce, sai ciyawa da garke. Kai makiyayi da ke karanta wannan, ka ji: ɗan uwanka ne ya kafa ta.

Abin da ya cika ta da mutane, har da jirgin sama a ciki. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun yi sansani a filin jirgin Accra, wanda ba shi da nisa da Nima. 'Yan ci-rani daga arewacin Ghana, Najeriya, Nijar da ƙasar Mosi suka yi ta zuwa neman aikin lebura, gadi da dafa abinci, suka kama ɗaki a Nima. A zamanin ne kuma, daga 1940, Ingila ke harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su tashi su bi ta Legas da Kano da Maiduguri har Masar. Kano kuwa ta riga ta ga saukar jirgi tun 1925.

Bayan yaƙi, a 1946, Turawan Ingila suka kafa ofishin safiyo na ƙasashen da suke mulka, ana ɗaukar hoto daga jirgi ana zana taswira da shi. Lura da wannan da kyau: a wancan zamani ido daga sama na hukuma ne kaɗai. Ita ke ganin gona, ita ke ganin burtali, ita ke ganin inda titi zai bi. Talaka ba ya ganin hoton, sai dai ya ga sakamakonsa. Mutanen Nima sun gani a shekarun 1970, lokacin da aka fasa babban titi ta tsakiyar unguwa, gidaje suka tafi. Makiyaya ma sun sani. A 1990 an ƙidaya dabbobin Najeriya da ƙananan jirage masu tashi ƙasa-ƙasa, aka ƙiyasta shanu kusan miliyan 14. Wanda kakansa ya ɓoye garke a daji saboda jangali, ai ba sai an gaya masa abin da ake ji ba idan ana lissafa dukiyarka daga inda sandarka ba ta kaiwa.

Abin ya sauya ne kwanan nan. Kamfanin DJI na ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006, ya fitar da jirginsa Phantom a 2013, wanda mutum zai ciro daga kwali ya tashe shi a ranar. A 2019 ya kawo Mavic Mini mai nauyin giram 249, bai kai gwangwanin madara biyu ba. A shekarar ce kuma kamfanin Zipline ya fara kai jini da magani asibitocin karkarar Ghana da jirage marasa matuƙa. Yau yaron zango shi ke ɗaukar idi, maulidi da ɗaurin aure daga sama, shi ke nuna wa duniya babban masallacin ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021. Kuma hoton da a da ake rusa unguwa da shi, yanzu mai unguwa na iya ɗaukarsa ya nuna wa hukuma inda kwata ta toshe. Wannan ba wasa ba ne ga wanda ya tuna ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015, da suka ci rayuka kusan 150 a dandalin Kwame Nkrumah.

Sai dai fa, Alhaji, jirgi ya yi araha amma sama tana da masu ita har gobe. Tun 2016 hukumar jiragen sama ta Ghana ta wajabta rajistar irin wannan jirgi. Ba a wuce ƙafa 400 da shi, wato kamar mita 120, ba a kuma tashinsa kusa da filin jirgi sai da izini. Nima kuwa ga filin jirgi, ga fadar shugaban ƙasa, ga asibitin soja na 37, duk a maƙwabta. A Najeriya sai da takardar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ake shigo da shi, kuma kwastan na kamawa. A yankin Sahel 'yan bindiga sun fara amfani da irin waɗannan ƙananan jirage, saboda haka jami'in da ya ciro shi daga ƙarƙashin buhu a shinge ba zai ɗauke ka mai hoton biki ba. Asarar kuɗi ita ce mafi sauƙin abin da zai same ka.

Saboda haka takarda ce farkon zaɓi. In ta samu, ga abin dubawa. Nemi wanda kyamararsa ke rataye a kan abin da ke daidaita ta, in ba haka ba hoton rawa zai yi ta yi. Nemi mai GPS, wanda ke komowa inda ya tashi idan sadarwa ta yanke. Batir ɗaya bai cika wuce rabin awa ba, don haka sai da biyu ko uku, kuma kada a bar su a mota cikin rana, kumbura suke yi. Tambayi ko ana samun farfelarsa a kasuwa. Ƙaramin ya fi sauƙin ɗauka, amma iskar hunturu na wahalar da shi, ƙura kuma na cin injinsa. Na 'yan kuɗi kaɗan da ake zubawa a tebur abin wasan yara ne, ba na sana'a ba.

Saura ladabi. Tsakar gida a zango ba ta da rufi, makewayi ma haka, akwai matan mutane a ciki. Kada yaro ya leƙa inda ba zai shiga ba sai da sallama. Kada ya sauko da shi kan garke, shanu na firgita su watse. Kuma tun bayan abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disambar 2023, inda jirgin soja mara matuƙi ya hallaka masu maulidi, ƙara a sama ba abin dariya ba ce a ƙauyukanmu. A sanar da mai gari ko arɗo kafin a tashe shi.

Malam Futa sai da ya nemi izinin masu ƙasa kafin ya saki shanunsa. Ɗanka ma ya nema kafin ya saki jirginsa. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya, Ya tsare hanya.